Makokin Rayyis Dasuƙi

Daga cikin jirgi, kan hanyar Fanama
Farkon azumi

Zuwa ga yayata, Abla Awaɗif, a Ƙanɗara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Baba da maigidanki Sha'aban da yara. Ni ma lafiya lau, sai ƙafafu da ke kumbura da yamma, wannan kuwa kowa a nan yana da nasa.

Kin ce in ba ki labarin zaman jirgi. Abla, wannan ba jirgi ba ne, gari ne aka ɗora a kan ruwa. Fasinjoji suna sama inda rana take, mu ma'aikata muna ƙasa. Ɗakinmu ma ruwa ya fi shi tudu, ba taga, in igiyar ruwa ta bugi bango sai ka ce wani ne ke ƙwanƙwasa ƙofa. Mu biyu ne a ciki, ni da Salamat, mutumin Jawa, mai aiki a wurin wanki. Mutumin kirki ne, amma minsharinsa ya fi injin jirgin ƙara.

Aikina gyaran ɗakunan fasinjoji. In canza zanin gado, in wanke banɗaki, in naɗe tawul ya zama giwa ko agwagwa in ɗora a kan gado. Kada ki gaya wa Baba maganar giwar nan. Shugabarmu, Madam Ingirid, kullum da safe sai ta jera mu ta duba farce da kwalar riga, ta ce, "Murmushi ma kayan aiki ne, wanda ya manta nasa ya koma ya ɗauko."

Fasinjojin kusan duk tsofaffi ne, duniya za su zagaya, sai bazara za su koma gida. Akwai wata Madam Rozalin a ɗakunana, ta sha yin wannan tafiya. Na ce mata, "Madam, ba kya gajiya da ruwa?" Ta ce, "Garib, a gidana ba mai ƙwanƙwasa min ƙofa. A nan kuwa kai kana ƙwanƙwasawa safe da yamma." Sai na gyara mata matashi.

Azumi a nan sai haƙuri. Ba kiran salla, kuma kwana biyu kaɗan a ce a mayar da agogo baya. Ta tagar fasinja nake leƙa faɗuwar rana, in shiga ɗakin ajiyar zannuwa in ci dabino a tsaye. Alƙibla kuwa, Salamat zai auna mana da ɗan kamfas ɗinsa, kafin mu sallame jirgi ya juya. Mutane sun fi na kasuwar Laraba yawa, amma sai in yini ban ji kalma ɗaya ta harshenmu ba. Jiya na kama kaina ina yi wa giwar tawul magana.

Ga albishir. A watan Afrilu jirginmu zai bi ta mashigin Suwais da ya ratsa ta garinmu, kuma daidai lokacin kwantiragina ke ƙarewa. A Bur Sa'id zan sauka, in Allah ya yarda. Ki tanadar min kifi da miyar lalo.

Ya idon Baba? Har yanzu yana tuƙa jirgin fiton da idon nan? Ki matsa masa ya ga likita. Ki rubuto ta hannun wakilin kamfani a Honolulu, in kin makara sai Sidni.

Ƙaninki,
Garib

*

Ƙanɗara
Ashirin ga azumi

Ƙanena Garib,

Wa alaikas salam. Wasiƙarka ta iso, mun gode Allah da lafiyarka. Ni da Sha'aban da yara lafiya muke, suna gaishe ka, sun ce ka zo ka naɗa musu giwa. Ka riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi in ka kwanta.

A gurguje nake rubutun nan lokacin tara, ga takardun ɗalibai jibge a gabana. Maganar Baba na riga na zayyana maka komai a wasiƙar Honolulu, ba zan maimaita ba, don in na tuna sai hawaye. Shi dai ya huta. Ranar Alhamis abokan aikinsa suka kawo shi gida, jama'a har bakin titi. Shugaban fito da kansa ya tsaya ya yi jawabi, ya ce ba za a sake yin matuƙi irin Rayyis Dasuƙi ba. Manyan maza suna ta share ido. Na wanke rigar aikinsa da hularsa na adana.

Tun ranar gidan ya yi wani iri. Da asuba nakan farka ina jiran ƙarar ƙofar nan tasa, sai in tuna. Kada ka sa damuwa a ranka, kowa da ranarsa, kuma mun yi duk abin da ya kamata. Ka riƙa addu'a kawai.

An buga ƙararrawa. Sai Afrilu.

Yayarka,
Awaɗif

*

Daga cikin jirgi, bayan mun bar Sidni
Bayan ƙaramar salla

Abla,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri. Ina fata ke da yara kuna lafiya. Ni jikina lafiya.

Wasiƙar Honolulu ba ta same ni ba. Ban san komai ba sai wannan, ita ma sai da jirgi ya bar gaɓa aka raba mana. A tsaye na karanta ta, a lungun ɗakuna, ina riƙe da keken zannuwa. Na karanta, na sake karantawa, na ninke na sa a aljihu, na ƙwanƙwasa ƙofa ta gaba na shiga da murmushi. Haka na gyara ɗaki uku, ban san na gyara ba. A ɗakin Madam Rozalin ne ta dube ni ta ce, "Waye?" Na ce, "Babana." Ta ce, "Zauna." An hana mu zama a ɗakin fasinja, amma na zauna a bakin gadon da na gama gyarawa. Ta miƙo min kofin ruwa.

A tashar gaba na ruga na buga waya kantin maganin Dakta Milad ko za a kira min ke. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ina jin ku lokacin kuna barci. Na sake gwadawa, layin ya ƙi shiga, ga lokacin komawa jirgi ya yi.

Salamat ya tara 'yan ƙasarsu a ɗakin wanki, muka yi wa Baba salla tsakanin injuna, suka karanta Yasin da irin harshensu. Sun dafa shinkafa mai kurkum aka ci sadaka. Mutanen da ba su taɓa ganin Ƙanɗara ba, Abla, suna kiran sunan Baba suna cewa "Dasuki."

Tun ranar abubuwa ke dawo min. Kin tuna ranar da aka kwashe mu daga gari lokacin yaƙi? Ya ɗora ni a wuya, risho a hannunsa, muna tafiya a ƙasa har inda motocin Zagazig suke, bai sauke ni ba ko sau ɗaya. Kin tuna bayan mun dawo, da ya ɗaura min igiya a ƙugu ya jefa ni cikin mashigi? Ina ihu ina shan ruwa, yana cewa, "Buga ƙafa, ɗan banza, ina riƙe da kai!" Duk inda na shiga a duniyar nan ban taɓa jin tsoron ruwa ba, don ji nake igiyar nan tana hannunsa. Ranar da zan taho ya raka ni tashar jirgin ƙasa, muka tsaya muna kallon layin dogo kamar baƙin juna. Ni ina jira ya yi magana, shi ma ina jin jirana yake. Abin da ya ce kawai, "Kada ka yi wasa da karin kumallo." Ban taɓa ganin namiji irinsa ba, kuma ban taɓa gaya masa ba.

Akwai wata magana. Madam Ingirid tana neman waɗanda za su zarce da jirgi har ƙarshen zafi, wajen Satumba, na sa hannu. Me zan sauka in tarar, kujerarsa? Ki yafe min, ba zan iya shiga gidan nan yanzu ba.

Ki gaya min, kusa da Mama aka sa shi? Ya sha wahala? Ya tambaye ni?

Garib

*

Ƙanɗara
Watan Maris

Kai Garib!

Baba yana nan da ransa! Yanzu haka yana tsakar gida yana faɗa da rediyo. Lafiyarsa lau, mu ma lafiya, in ban da zuciyata da ka kusa tsayarwa.

Ritaya aka yi masa, ritaya! Idon ne ya ƙi, likitan hukuma ya ce ba zai sake riƙe sitiyarin jirgin fito ba. Abokansa suka rako shi gida da ganga da algaita, aka yi jawabi, aka sha shayi. Duk wannan yana cikin wasiƙar Honolulu, Allah kaɗai ya san kifin da ya haɗiye ta. Na zauna na tuno abin da na rubuta maka kalma kalma, sai na ɗora hannu a ka. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane insha'i! Sha'aban ya yi dariya har ya ƙware, ya ce da ɗalibata ce ta rubuta da sifili zan ba ta.

Bari ka ji yadda aka yi. Baba ne ya karɓi wasiƙarka daga hannun ɗan gidan waya, ya miƙo min ya ce, "Karanta." Na buɗe baki na ce inna lillahi, na kai kan "Allah ya jiƙan Baba," sai na tsaya. Ya ce, "Amin. Ci gaba." Na ce, "Baba, kuskure ne aka yi." Ya ce, "Na ji. Ci gaba, mutum nawa ne ke samun jin ta'aziyyarsa?"

Da na zo kan sallar da aka yi masa, ya ce, "Mutum nawa suka tsaya?" Na ce ba ka faɗa ba. Ya ce, "Yaron nan kullum sai ya bar abu mai muhimmanci." Da na zo kan risho ya ce, "Ƙarya yake, keken ɗinkin uwarsa ne, ya san nauyinsa kuwa?" Da na zo kan igiya sai ya daina gyara. Can ya ce, a hankali, "Ai tun da wuri na saki igiyar nan, shi ne bai sani ba." Na karanta maganar tashar jirgin ƙasa har ƙarshe. Ya tashi yana lalube ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, bai fito ba sai la'asar.

Yanzu duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce, "Sannu da zuwa ta'aziyya, ni ne mamacin." Amma in sun tafi sai ya ce in sake karanta masa wurin tashar.

Tunda abin ya zo da haka, bari in gaya maka gaskiya. Mutumin nan zaman gida ba ya karɓarsa. Kullum sai ya sa a kai shi bakin fito, ya zauna yana sauraron injin, yana cewa wane ne ke tuƙi, ji yadda ya bugi gaɓa. Abinci sai an yi da gaske. Idon sai inuwa yake gani, likitan Isma'iliyya ya ce yanar ido ce, za a cire in zafi ya wuce. Abu ɗaya yake lissafi, Afrilu. Wurin da ka ce ka sa hannu ban karanta masa ba, tsallakewa na yi.

Ka je wajen matar nan ka warware abin da ka ɗaura. Ka roƙe ta, ka yi mata murmushin da take so.

Yayarka mai ban haƙuri,
Awaɗif

*

Bombai
Farkon Afrilu

Abla Awaɗif, malamar insha'i,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, musamman mamaci. Ki sumbaci hannunsa a madadina. Ni lafiya, ban taɓa jin lafiya irin ta yau ba.

A Singafo wasiƙarki ta same ni. Na zame na zauna a ƙasa ina dariya ina kuka, Salamat ya ɗauka ruwa ya taɓa min kai. Da ya gane, ya riƙe haɓa ya ce, "To shinkafarmu fa?" Na ce, "Ai kun cinye." Yanzu duk inda na bi 'yan wanki sai su ce, "Garib, ya jikin marigayi?" Mutum goma sha ɗaya suka tsaya, ki gaya masa, har da mai gyaran lantarki. Madam Rozalin ta rungume ni, ta ce, "Ka fi ni sa'a, nawa ba su dawowa."

Amma, Abla, kin karanta masa duka? Har wurin tashar? Da wane ido zan dube shi?

Na je wajen Madam Ingirid. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta taya ni murna, amma wanda zai canje ni an riga an tura shi wani jirgi, kuma tunda ba mai sauka, ba za a tsaya a Bur Sa'id ba. In na matsa na sauka, kamfani ba zai sake ɗaukata ba. Na kwana biyu ina juya maganar. Ga aikin idon Baba a gaba, ga shi aiki a Ƙanɗara kin san yadda yake. Ba zan iya ba. Sai ƙarshen zafi.

Ki san yadda za ki gaya masa, ke kin fi ni iyawa. In dai da baki ne, ba da alƙalami ba.

Abin da zai yiwu shi ne wannan. Ranar Talata ta uku cikin watan nan za mu taso daga Suwais da ayarin safe, mu iso Ƙanɗara bayan azahar. Jirginmu fari ne fat, ba za ku ɓata shi ba. Na roƙi izinin awa guda, an ba ni. Ku zo bakin fito. Zan tsaya ta ɓangarenku da farar riga, in ɗaga muku hannu. Ta nan za mu wuce, Abla, ta ƙofar gidanmu, kamar baƙi.

Ƙaninki,
Garib

*

Ƙanɗara
Laraba

Garib,

Muna lafiya, muna fata kai ma haka. Mun gan ka!

Da na gaya wa Baba ba za ka sauka ba, sai ya ce a kira masa wanzami. Tun hantsi muna bakin fito, ni da shi da Sha'aban da yara da rabin unguwa. Jiragen kaya suka yi ta wucewa, kowanne ya taho sai ya ce, "Shi ne?" Can sai naku ya ɓullo. Ashe haka yake! Sai da na ɗaga kai gyalena ya zame. Abokan Baba suka danna ƙahon jirgin fito suka ƙi saki.

Mutane cike a kowane hawa suna ɗaga hannu, na rikice. Can na hango ka a sama, kusa da inda matuƙa suke, da farar riga. Na kama hannun Baba na nuna masa, na ce, "Ga shi can, Baba, can ƙoli!" Ya ɗaga hannu yana ta kaɗawa har jirgin ya shige, bai sauke ba sai da Sha'aban ya ce ai sun yi nisa.

A hanyar gida duk wanda muka gamu da shi sai ya tsayar da shi ya ce, "Ɗana ne a can sama, kusa da kyaftin." Ya ce in gaya maka ka yi ƙiba, kuma ya ji daɗi. Jiya ya cinye kwanon ful, dafaffen waken nan nasa, har ya nemi ƙari.

Ka kula da kanka. Zafi ba ya daɗewa.

Awaɗif

*

Nafoli
Watan Mayu

Abla,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Ni lafiya. Na aiko wannan ta adireshin makaranta, don taki ce ke kaɗai.

Ba ni ba ne a sama. Mu ba a barinmu hawa can, ina jin wani jami'in jirgi kuka gani, ɗan Girka ne mai tumbi. Ni ina ƙasa, ta bayan jirgi inda ake ajiye igiyoyi, dab da ruwa. Duk cikin jirgin nan ba wanda ya fi ni kusa da ku. Da jifa zan yi da na same ku.

Na gan ku sarai. Na ga yara sun yi tsawo, na ga gyalenki ya zame. Na ga Baba da sabon aski, rigarsa tana yawo a jikinsa. Ya rame, Abla, fiye da yadda kika faɗa. Kuma yana dafe da kafaɗarki, shi da ba ya yarda a riƙe masa hannu ko a kan tsani.

Na yi ta kira har muryata ta dishe, ƙahon nan ya danne komai. Amma sau ɗaya Baba ya sauke kai ya juyo daidai inda nake, ya karkata kunne. Na ce shi ke nan, ya ji. Sai kika kama hannunsa kika nuna masa sama. Ba laifinki ba ne, ni ma da ni ne a ƙasa sama zan duba. Na tsaya ina kallonku har Ƙanɗara ta ɓace, sannan na wanke fuska na koma, don akwai sauran ɗakuna.

Tsofaffinmu duk sun sauka, an cika jirgi da wasu sababbi, ba wanda ya san sunana tukuna. A watan Satumba zan sauka, in Allah ya kai mu. Ki ce wa likita ya jira ni, ni zan kai Baba Isma'iliyya.

Kada ki gaya masa. Ki bar ni a can sama kusa da kyaftin, ki ce na ce ƙibar ta abincin jirgi ce. Abu ɗaya kawai nake roƙo. Wata rana, in kuna shan shayi, ki tambaye shi da dabara ko ya ji wani abu lokacin da ya juyo.

Ƙaninki,
Garib